Waiwaye: Yadda Manomin Jigawa Ya Rabu da Taurarinsa

Kafin kalandar takarda ta shiga ƙauyukan ƙasar Haɗeja da Gumel, a sama manomi yake karanta lokacinsa. Malaman hisabi suna lissafta taurari 28, kusan kowannensu da kwana 13, kuma dattijo ba ya gaggawar zuba irinsa don yayyafin farko sai ya tambayi wane tauraro ake ciki, Haƙa'a ne ko Hana'a ko Zira'a. Wanda bai yi karatu ba ma ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki mai tashin matafiyi da asuba. Ƙasa ita ma tana ba da tata shaidar, domin idan shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a kan tsamiya, gawo kuma ya fara zubar da ganye, kowa ya san lokacin gyara fartanya ya yi.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya fara girgiza wannan lissafi, na 1984 ya ƙara masa rauni, saboda tauraro ya fito a kan ƙa'idarsa amma ruwa bai biyo shi ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, sai ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu ƙwarai. Kacala, doguwar ciyawar ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, masunta da yawa suka rataye komarsu.

Itatuwa kuwa sun bi motocin itace da gawayi zuwa birni. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato dashen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi Kano da Jigawa, sai dai dashen da aka yi bana ba zai maye gurbin ɗorawar da kakanni suka bari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, sararin samaniyar ƙauye bai dushe kamar na birnin Kano ba, idanu ne suka sauka daga kansa. A dandalin da ake yin tatsuniya da gaɗa a farin wata, yanzu yara suna zagaye waya guda da aka yi wa caji a shagon mai sola, hasken ya cika fuskokinsu, Kaza da 'Ya'yanta na bisa kansu, kuma kaɗan ne cikinsu za su iya nuna ta da yatsa.