Tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin kashe kansa

A gidajenmu na Katsina, idan matashi ya daina fita majalisa, kwanon abincinsa na kwana a rufe, yana yawan cewa "gara in huta", sai manya su ce a ja baki. Wai tambayarsa ko yana tunanin halaka kansa tuna masa ne.

Ba haka ba ne. A 2005, Madelyn Gould ta Jami'ar Kolumbiya a Amurka ta wallafa bincike kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000. Waɗanda aka yi wa tambayar kai tsaye ba su fi sauran shiga damuwa ko wannan tunani ba. Masu ciwon damuwa a cikinsu ma sun fi takwarorinsu da ba a tambaya ba samun natsuwa.

Shirun nan ne ke ba ni tsoro. Zauna kusa da matashin ka ce, "Ƙanena, kana tunanin kashe kanka ne?" Ban da faɗa, ban da gorin ƙarancin imani, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A raka shi asibiti ya ga likita ranar, ana haɗawa da addu'a.