Kwaɗon bishiya na White: kiwo a cikin gida

Kwaɗon bishiya na White (Litoria caerulea) ɗan asalin arewaci da gabashin Ostareliya ne da kudancin Niyu Gini. An raɗa masa sunan John White, likitan da ya fara bayyana shi a 1790. Babbansa yakan kai santimita 7 zuwa 11, kuma yakan yi shekara 15 ko fiye a hannun mai kula.

Mai hawan bishiya ne, don haka tsayin akwatin gilashin da za a ajiye shi a ciki ya fi faɗinsa muhimmanci. Mai santimita 45 a faɗi da 60 a tsayi ya ishi ɗaya ko biyu, da murfin raga da rassa masu kauri. Zafin rana digiri 24 zuwa 29 na Selshiyas, da dare ya sauko kusan 21. Danshin iska kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ya wadatar. Feshin ruwa sau ɗaya da yamma yakan kai shi nan. A shimfiɗa zaren kwakwa a ƙasan akwatin. Ban da tsakuwa, domin yana haɗiye ta tare da abinci ta toshe masa hanji.

Lafiyarsa tana fatarsa. Ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, shi ya sa duk abin da ya taɓa shi yake shiga jikinsa: kulorin na ruwan famfo, sabulu, man shafawa. Ruwan kwanonsa a cire masa kulorin, a canza kullum, kada zurfinsa ya wuce haɓarsa. Akwatin da ya jiƙe sharkaf babu iska yakan haifar da ciwon jar ƙafa, inda cinya da ciki suke yin ja saboda ƙwayoyin cuta. Wannan sai likitan dabbobi, kuma da gaggawa. Mai kiwo ya wanke hannu bayan ɗaukarsa, don kwaɗi kan ɗauki salmonela, ƙwayar cutar da ke sa mutum gudawa.

Abincinsa gyare da kyankyason kiwo, masu rai, waɗanda ba su wuce faɗin tsakanin idanunsa ba. Babba ya ci uku ko huɗu, sau biyu ko uku a mako, ƙarami kullum. A barbaɗa musu garin kalsiyam mai bitamin D3, in ba haka ba ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe. Ƙwarin tsakar gida kuwa ba a ba shi, saboda maganin feshi.

Ba ya ƙin tayi, kuma ƙiba na cikin abubuwan da suka fi damunsa. In kitsen saman kunnensa ya zubo ya fara rufe kunnen, a rage abinci.