Ambaton Madogara a Rubuce-rubucen Ɗaliban Jami'a a Nijar

Ambaton madogara shi ne ɗalibi ya nuna, a cikin aikin da ya rubuta, inda ya samo kowace magana, adadi ko ra'ayi da ba nasa ba, sannan ya jera a ƙarshe littattafai, maƙaloli da mutanen da ya dogara da su. Masu nazarin Hausa suna kiran wannan jeri manazarta. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa sun fi cewa bibliyogirafi, da yake da Faransanci ake yawancin karatun. Ana neman wannan tun daga aikin gida mai shafi biyar har zuwa memuwar, wato kundin kammala digiri, da kundin digirin digirgir.

Asali

Al'adar jingina magana ga mai ita ta riga karatun boko shigowa ƙasar Hausa da ƙarnoni. Malaman hadisi sun gina iliminsu a kan isnadi, wato jerin maruwaita daga wanda ya faɗa har zuwa wanda ya ji da kunnensa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, cewa isnadi wani ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman zaure sun gaji wannan tsantseni. Marubuci zai ce wane ya faɗa a littafi kaza, ya kawo zancen, idan ya kai ƙarshensa ya rubuta "intaha", ko ya taƙaita ta da harufa biyu, don mai karatu ya san nan maganar wancan ta ƙare, tasa ta ci gaba. Aikin da alamar zancen wani take yi yau ke nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta littafi sukutum yana lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Wanda ya duba tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai, waɗanda Boubou Hama ya taka rawa wajen tattara su, zai ga irin wannan alama a tsakiyar layi, da sharhin masu karatu a gefen shafi.

A Turai, abin ya bunƙasa ne ta bayanin ƙasan shafi. Ana yawan kafa misali da ƙamus ɗin tarihi na Pierre Bayle na 1697, inda bayanan ƙasa suka kan fi ainihin rubutun yawa. Daga wannan al'ada aka gaji gajerun kalmomin Latin da har yanzu ake gani a kundayen tarihi da na shari'a: ibid. don littafin da aka ambata yanzu-yanzu, op. cit. don wanda aka ambata can baya. Salon saka suna da shekara a cikin baka biyu kuwa ana danganta shi ga Edward Laurens Mark, masanin dabbobi a Jami'ar Harvard, a wata maƙala ta wajen 1881, shi ya sa ake ce masa salon Harvard. Littafin ƙa'idoji na Chicago ya fara fitowa a 1906. Salon APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ya samo asali daga ƴar gajeriyar maƙala da aka buga a 1929, bugunsa na bakwai kuma ya fito a 2019. Salon Vancouver, mai amfani da lambobi, editocin mujallun likitanci ne suka tsara shi a 1978, kuma shi aka fi sani a fannin lafiya.

Salon da ake bi

Ba salo ɗaya ne ya game dukkan tsangayoyi ba. Sau da yawa malamin da ke duba aikin shi ke zaɓa. Hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu, ta amince a Bamako a 2016 da ƙa'idojin rubutu na fannin adabi da ilimin ɗan Adam. An yi su ne don mujallu, amma sun shiga memuwar ta hannun malaman da ke bugawa a waɗannan mujallu.

Misali da littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar, wanda IRSH ta buga a 1975. A tsarin CAMES, cikin rubutu ana sa (D. Hamani, 1975, p. 12). A manazarta kuma sunan ƙarshe da manyan baƙaƙe: HAMANI Djibo, sai shekara, sai sunan littafin a karkace, sai gari, sai maɗaba'a, waƙafi yana raba su. A salon APA ana sa (Hamani, 1975, p. 12), a ƙarshe kuma Hamani, D., sai shekara cikin baka biyu. Bugu na bakwai ya daina neman garin da aka buga littafi, abin da ba ya taimakon mai neman ɗan littafin da aka buga kaɗan a Yamai ko Zariya. Zancen da aka ɗauko kalma da kalma, idan ya wuce layi uku a tsarin CAMES, ko ya kai kalma 40 a APA, ana ware shi a sakin layi nasa, a tura shi ciki. Ƙa'idar da kowane salo ya yarda da ita: duk littafi ko maƙalar da aka ambata a ciki su fito a manazarta, kuma kada a cakuɗa salo biyu a aiki ɗaya.

Matsalar sunaye

An gina waɗannan saloli a kan sunan dangi irin na Turawa. Bahaushe kuwa sunansa na yanka yake ɗauka ya haɗa da na mahaifi, wani lokaci da na gari ko laƙabi. Idan aka juya sunan aka sa na biyu a gaba, mahaifin ne ya zama marubuci a idon mai karatu. Saboda haka ana samun Boubou Hama a ƙarƙashin harafin B a wani kundi, a ƙarƙashin H a wani. Haka kuma rubutun suna ya bambanta tsakanin Nijar da Najeriya: Ousmane da Usman, Abdou da Abdu. Abin da aka fi yarda da shi shi ne a rubuta sunan kamar yadda yake a bangon littafin, a tsaya a kan tsari ɗaya. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su ma a bar su yadda suke a sunan littafin Hausa, domin "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne.

Madogaran baka

Nan ne al'adar Nijar ta fi ƙarfi. Cibiyar CELHTO, wadda aka assasa a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka, da IRSH sun saba ɗaukar zancen dattijo, maroƙi ko makaɗin fada a matsayin hujjar da ake ambata. Ɗalibin da ya je wani ƙauyen Adar ya zauna a zaure da mai gari, ya naɗi hirar a wayarsa, ana sa ran zai buɗe sashe na daban mai suna madogaran baka. A ciki zai rubuta sunan wanda ya yi hira da shi, shekarunsa ko da da ƙiyasi ne, sana'arsa ko sarautarsa, garin, ranar hirar da harshen da aka yi ta. Idan mutumin ya ce kakansa ne ya ba shi labarin, wannan ma a rubuta, don isnadin ke nan. Idan bai yarda a faɗi sunansa ba, a sakaya shi. APA kuwa tana ɗaukar hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu, a ambace ta a ciki kawai ba a manazarta ba. Masana tarihi da dama ba sa bin wannan, kuma suna da hujja, domin a fagage da yawa bakin dattijon shi ne kaɗai ma'ajiyar labarin.

Satar fasaha

Kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne da kan jawo a ƙi karɓar aiki. Sauya kalmomi ba ya wanke mai shi muddin ra'ayin na wani ne. Haka ma ambaton littafin da ba a karanta ba: idan a wurin wani aka ga zancen, sai a ce wane ya ruwaito daga wane.

Intanet da manhajoji

Ga shafin intanet ana ƙara adireshinsa, a tsarin Faransanci har da ranar da aka duba shi. Manhajar Zotero, wadda ta fito a 2006 kuma kyauta ce, tana tsara manazarta da kanta, sai dai tana bukatar gyaran hannu a sunayen Hausa. Malamai sun saɓa kan karɓar Wikipedia da ƙirƙirarriyar basira a matsayin madogara.