Lardi: kalmar da ake ɗora wa taswirar da ba tata ba

Tun da aka sake tayar da zancen gyaran tsarin mulkin Najeriya, da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ci karo da "a koma tsarin larduna" ba. Ɗan siyasa ya faɗa, mai sharhi ya maimaita, mai fassara labarai ya ɗauka ya yi gaba. Sau da yawa har da hoton tsohuwar taswira mai launi uku, Arewa ta shimfiɗe a sama, Gabas da Yamma a ƙasa. Kowa ya gane abin da ake nufi, wato zamanin da Sardauna ke Kaduna, Awolowo ke Ibadan, Azikiwe ke Inugu. Sai dai babu ko ɗaya cikin ɓangarorin nan uku da yake lardi.

Masana harshe suna danganta kalmar da Larabci, al-ard, wato ƙasa. Bahaushe ya saba haɗiye "al" ɗin Balarabe ya bar "l" kaɗai, kamar yadda ya yi a labari da liman da lahira da lokaci. Da Turawa suka kafa mulki a Arewa daga 1900, sai aka ɗora kalmar a kan yankin da Razdan guda, wato babban jami'in mulkin Turawa, yake kula da shi. A ƙarƙashin Razdan akwai Di'o mai kula da wani sashe na lardin, akwai En'e, wato hukumar gargajiya wadda sarki ke jagoranta, sai gundumomi a hannun hakimai, sai dagatai da masu unguwanni. Lardi ba shi da firimiya, ba shi da majalisar da ke yi masa doka, ba shi da tsarin mulkin kansa. Razdan ma'aikaci ne da aka turo, ranar da aka ga dama a ɗauke shi. Lokacin samun 'yanci Arewa kaɗai tana da larduna 12: Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, Borno, Bauchi, Adamawa, Filato, Binuwai, Neja, Ilori da Kabba. Lardin Sakkwato shi ne ya haifi Sakkwato da Zamfara da mafi yawan Kabi na yau, na Kano kuma ya haɗa har da Haɗeja da Gumel da Kazaure.

To shi babban abin da ya tattara su fa, yaya sunansa? Tambayi duk dattijon da ya yi wayo kafin 1966, zai ce maka Jihar Arewa. Sardauna Firimiyan Jihar Arewa ne, Sir Kashim Ibrahim kuma Gwamnanta. Tana da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, tana da tsarin mulkinta, tana da wakilinta a Landan. Ita ma jiha daga Larabci take, ma'anarta nahiya ko fuska, shi ya sa ta dace da abin da aka raba bisa kusurwa. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar gida 12, sabbin yankunan suka gaji sunan jiha, tsohon babban ɓangaren ya wayi gari ba shi da suna a Hausa. Daga nan ruɗanin ya samo tushe. Mai fassara yana neman kalmar da ke da ƙamshin da, sai ya miƙa hannu ya ɗauko lardi. A Nijar kuwa kalmar ba ta motsa ba, har gobe ana cewa Jihar Maraɗi, Jihar Damagaram, Jihar Tawa.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, tunda an fahimci juna. Ni a nan nake tsayawa, domin kalmar nan tana da tarihin da ya sa bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Bayan samun 'yanci sau ɗaya tak aka kira Arewa da sunan larduna a hukumance. Ranar 24 ga Mayu 1966 Janar Aguiyi Ironsi ya fitar da Doka ta 34. Dokar ta soke tarayya, ta soke jihohi huɗun da ake da su, ta haɗe aikin gwamnati wuri guda, ta ce daga yau abin da ake da shi rukunin larduna ne: rukunin lardunan Arewa, na Gabas, na Yamma, na Tsakiyar Yamma. Iyakokin da ke kan taswira ba su gusa ko taku ɗaya ba. Suna kawai aka sauya, amma sauyin sunan yana cewa iko ya tashi daga Kaduna ya koma Ikko, wato Legas, babban birnin ƙasa na lokacin. Mutanen Arewa sun ji wannan saƙo sarai, watanni huɗu kacal bayan kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Cikin kwanaki tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kiran "a raba", aka kashe mutane da yawa, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, Ironsi ya rasa ransa, Gowon ya hau ya soke dokar. Ka ga ke nan wanda ya hau mumbari yau yana neman a rage wa Abuja ƙarfi, sannan ya kira abin da yake nema tsarin larduna, bakinsa yana roƙon abin da Ironsi ya yi, zuciyarsa tana roƙon kishiyarsa. Ko a zamanin Gwamna Lugga, bayan haɗewar 1914, da ake cewa Lardunan Arewa da Lardunan Kudu, ma'anar ke nan: yankunan da ake mulka daga sama, ba masu mulkin kansu ba.

Su kansu taswirorin da ake yaɗawa abin dubawa ne. Na sha ganin mai launi uku an rubuta 1914 a ƙasanta, alhali sai 1939 aka raba Kudu ta zama Gabas da Yamma. Na ga mai launi huɗu an ce ta ranar 'yanci ce, alhali Tsakiyar Yamma mai hedkwata a Binin sai 1963 aka yanke ta. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce wadda ta nuna Najeriyar 1 ga Oktoba 1960 da iyakar gabas irin ta yau. A ranar, Mubi da Ganye da tsaunin Mambila ba sa cikin Najeriya. Tsohuwar ƙasar Jamus ce da Ingila ke riƙo amana a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 mutanen wurin suka zaɓi Najeriya, 'yan'uwansu na kudu suka zaɓi Kamaru, sannan aka sami lardi na 13, Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. Lardunan ma ba gadon kaka da kakanni ba ne. Na Filato a 1926 aka ƙirƙire shi. Katsina ta zauna ƙarƙashin Lardin Kano, aka mayar da ita na Zariya, sai a 1934 ta sami nata. Duk lokacin da wani ya ce a koma taswirar da, ni tambayata ɗaya ce: ta wace shekara? Kuma ban cika samun amsa ba, saboda yawancin masu kiran ba taswira suke kewa ba, shugabannin wancan lokaci suke kewa, su kuma ba a zana su da tawada.

Idan dole sai an sami kalma, yanki ya wadatar: tsarin yankuna. Jiha ta riga ta tafi ga guda 36. Shiyya kuma an ba wa shidan nan da Alex Ekwueme ya kawo shawararsu a taron tsarin mulki na zamanin Abacha, waɗanda ake rabon muƙamai da su kullum ko da yake tsarin mulkin 1999 bai ambace su ba. Su ma suna da nasu tarkon. Yau idan aka ce Arewa ta Tsakiya, hankali na tafiya Jos da Makurɗi da Ilori. A taswirar 1967 kuwa Jihar Arewa ta Tsakiya ita ce Lardin Zariya da Lardin Katsina a haɗe, hedkwatarta Kaduna, kuma duka biyun yanzu a Arewa maso Yamma ake lissafa su.