Waiwaye: Masu ra'ayin mazan jiya da batun biyan kowa kuɗin wata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, maganar raba wa jama'a tsabar kuɗi ba ta bar bakin mutanen Abuja ba. Da farko aka ce naira 8,000 duk wata ga magidanta miliyan 12. Jama'a suka yi caa, aka koma naira 25,000 na tsawon wata uku ga miliyan 15. Wannan na talakawan da aka zaɓo ne. Akwai tsohuwar shawarar da ta zarce nan, wato gwamnati ta riƙa biyan kowane ɗan ƙasa wani abu, mai aiki da maras aiki, ba sharaɗi. Da yawa sun ɗauka ra'ayin 'yan gurguzu ne, alhali masu ra'ayin mazan jiya sun daɗe da hannu a ciki.

A 1962 masanin tattalin arziki Milton Friedman, wanda ba ya ga-maciji da katsalandan ɗin gwamnati a kasuwa, ya ba da shawarar duk wanda samunsa bai kai wani mataki ba a cika masa da tsabar kuɗi ta ofishin haraji, a rushe tarin ma'aikatun jin ƙai. Ba tausayi kaɗai ya ja shi ba, haushin kuɗin da ke narkewa a ofisoshi ne. Shugaban Amurka Nixon na jam'iyyar Republican, ta masu ra'ayin mazan jiya, ya kawo makamancin haka a 1969, dala 1,600 a shekara ga gida mai mutum huɗu. Majalisar Wakilai ta amince, ƙudurin ya mutu a Majalisar Dattawa: wasu na cewa kuɗin ya yi kaɗan, wasu na cewa zai haifi cima-zaune.

Inda abin ya kama ƙasa shi ne jihar Alaska ta Amurka, kuma nan ne za a fi gane zuciyar masu ra'ayin mazan jiya. A 1976, zamanin Gwamna Jay Hammond, shi ma ɗan Republican, aka kafa asusun ajiyar rarar kuɗin mai. Daga 1982 aka fara raba ribarsa ga mazauna jihar, har da yara, kowa ya samu dala 1,000 a shekarar farko. Jihar ta Republican ce a zaɓen shugaban ƙasa, amma ɗan siyasar da ya taɓa wannan kuɗi ya taɓo wa kansa tsuliyar dodo. Mutanen can ba sa kallonsa a matsayin sadaka. Rabonsu ne daga dukiyar ƙasarsu, kuma ba daga harajin wani aka yanko shi ba.

Da aka fito da shi a sigar albashi daga haraji kuwa, sai suka ja da baya. A Siwizalan kusan kashi 77 cikin ɗari suka ƙi shi a ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Gwamnatin Finland mai matsakaicin ra'ayin mazan jiya ta gwada a 2017 da 2018, ta biya marasa aiki 2,000 yuro 560 duk wata. Hankalinsu ya ƙara kwanciya, samun aiki bai ƙaru sosai ba, ba a kuma ci gaba ba. A Amurka, binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan takwas cikin goma na magoya bayan Republican ba sa so.

Mu nan ba mu da jam'iyyar da ke amsa sunan masu ra'ayin mazan jiya, amma mai irin ra'ayin yana nan. Shi ne Alhajin da ya yi ritaya daga sakatariya yana zaune a Karu, ko mai shagon atamfa a kasuwar Wuse. Bai ƙi a taimaki mabuƙaci ba, yana fitar da zakka, ya kuma san Sayyidina Umar ya yanka wa har jarirai kaso daga baitulmali. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wa ke riƙe da rajistar. Ya ga mata sun wuni a layin mai POS da takardar NIN a ƙulle a bakin zane, sun koma gida ba alat. A ganina nan shawarar ta fi ƙarfi a wurinsa, domin in kowa zai samu, babu sunan da kansila zai saka ko ya cire.

Sai dai lissafi ba ya kara. Mutum miliyan 200, kowa naira 10,000 a wata, ya kama tiriliyan 24 a shekara, alhali kasafin tarayya na 2024 da aka sa wa hannu tiriliyan 28.7 ne. Iran ma, mai arzikin mai kamarmu, ta rage tallafi a ƙarshen 2010 ta koma biyan kusan kowa riyal 455,000 a wata. Cikin 'yan shekaru tsadar kaya ta cinye darajar kuɗin.