Tiyatar Gyaran Bawul ɗin Zuciya Mai Yoyo a Yara

Tiyatar gyaran bawul aiki ne da likitocin zuciya ke yi wa yaron da ɗaya daga cikin bawul huɗu na zuciyarsa ba ya rufuwa ruf, har jini yana komawa baya. Maimakon a cire bawul ɗin a sa na roba ko na ƙarfe, sai a ɗinke shi, a tsuke bakinsa, ko a ƙara masa abin da ya rasa.

Yadda yoyon yake

Kowane bawul kamar ƙofa yake mai ƙyaure biyu ko uku, jini na wucewa ta hanya ɗaya kawai. Idan ƙyauren bai haɗu ba, zuciya za ta riƙa tura jini guda sau biyu, sai ta kumbura ta gaji. Jariri yakan yi haki da gumi wajen shan nono, ba ya ƙiba. Babban yaro kuwa numfashinsa ke ɗaukewa wajen wasa, ƙafafu su kumbura. Ana tabbatar da ciwon da hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sikanin.

Dalilai

Wasu da shi ake haifarsu, kamar tsagar bawul ɗin mitiral, wanda ke ɓangaren hagu na zuciya, ko nakasar Ebstein a bawul na dama, wadda Wilhelm Ebstein ya bayyana a 1866. A Afirka kuwa babban dalili shi ne zazzaɓin rumatik. Yana biyo bayan ciwon makogwaro na ƙwayar cutar sitireptokokas da ba a yi wa magani ba, inda garkuwar jiki ke afka wa bawul ɗin yaron da kanta.

Tarihi

An daɗe ana tsoron taɓa zuciya da wuƙa. A 1923, a Boston, Elliott Cutler ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 12 aiki a bawul ɗin mitiral. Nata toshewa ne ba yoyo ba. Ta rayu shekaru kaɗan, amma waɗanda suka biyo bayanta ba su yi sa'a ba, kuma yankan da ake yi wa bawul ɗin yakan jawo yoyon da babu shi da farko. A 1925 Henry Souttar a Landan ya buɗe irin wannan bawul da yatsansa.

Gyaran yoyo sai da ya jira a iya tsayar da zuciya a duba cikinta da ido. John Gibbon ya yi nasara da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu a 1953 a Philadelphia. Wajajen 1957 Walton Lillehei na Minnesota ya fara tsuke bakin mitiral mai yoyo da ɗinki. Da bawul na ƙira mai suna Starr-Edwards ya fito a 1960, hankali ya karkata ga sauyawa, gyara ya ja baya.

Alain Carpentier na Faris ne ya dawo da shi. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ya ƙera zoben da ake ɗinkawa a bakin bawul don mayar masa da siffarsa, a 1983 kuma ya tattara ƙa'idojinsa da har yau ake koyarwa. A 1967 Donald Ross ya ɗauko bawul ɗin da ke bakin jijiyar da ke kai jini huhu daga zuciyar majiyyaci ya dasa a gurbin na awota, wato babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki, dabarar da ta dace da yara saboda naman yaron ne, yana girma tare da shi. Nakasar Ebstein ta sami gyara mai kama da mazurari daga José Pedro da Silva na Brazil, tun wajajen farkon shekarun 1990.

Me ya sa aka fi son gyara

Bawul na ƙira ba ya girma, yaro kuwa yana girma, don haka sai an sake buɗe ƙirji. Na ƙarfe yana buƙatar maganin tsinka jini, wato warfarin, har ƙarshen rai, da gwajin jini a kai a kai. Maganin yana da haɗari ga ciki idan yarinya ta girma ta yi aure. Na naman dabba kuma yana saurin ƙandarewa a jikin yara.

Yadda ake yi

Ana buɗe ƙashin ƙirji, a haɗa yaron da na'ura, a tsayar da zuciya. Likita ya ɗinke tsaga, ya gyara zarurrukan da ke riƙe ƙyauren, ko ya yi faci da tantanin zuciyar yaron. Kafin a rufe ana duba aikin da eko ta makogwaro.

A bawul ɗin da rumatik ya ci, gyara ba ya daɗewa sosai, kuma likitoci sun saɓa kan lokacin da sauyawa ya fi.

A Afirka

An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Enugu a 1974, Magdi Yacoub da Fabian Udekwu na cikin waɗanda suka yi ta. Cibiyar Salam ta Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ta yi wa yara daga ƙasashe da dama aiki kyauta. Yaron da rumatik ya taɓa yana ci gaba da karɓar allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, na shekaru masu yawa bayan tiyata.