Cire gashi da hasken leza

Cire gashi da hasken leza hanya ce ta rage gashin jiki, inda ake harba haske mai ƙarfi a kan fata don a ƙona saiwar gashin daga ciki. Launi hasken yake bi: sinadarin melanin, wanda ke baƙanta gashi, shi ke shanye hasken ya mai da shi zafi, zafin kuma ya lalata ramin da gashin ke tsirowa. Shi ya sa aikin ya fi karɓar gashi baƙi mai kauri, ba ya kuma tasiri sosai a kan furfura ko gashi ja ko mai ruwan zuma. Ana yin sa don kwalliya, ana kuma yin sa a matsayin magani ga matan da gemu ke tsiro musu da mazan da ƙurajen aski suka addaba.

Tarihi

Kafin zuwan leza, mai son rabuwa da gashi har abada sai dai ya je a yi masa da allurar lantarki. Wani likitan ido a birnin St. Louis na Amurka, Charles Michel, shi ya ba da labarin wannan dabara a 1875, bayan ya yi amfani da ita wajen kashe gashin ido da ke lanƙwasowa yana sukar ƙwayar idon. Ana zura siririyar allura a ramin gashi, a saki wuta, a matsa zuwa na gaba. Dabarar tana aiki har yau kuma ba ruwanta da launi, amma gashi ɗaya-ɗaya take bi, don haka ƙirji ko gadon baya kan ci watanni.

A 1960 masanin kimiyya Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya, da sandar jan yaƙutu. 'Yan shekaru kaɗan bayan nan likitan fata Leon Goldman ya fara gwada ta a jikin mutum a Cincinnati. Gashi ya ƙone, fatar da ke kewaye da shi ma ta ƙone, kuma kusan shekara ashirin aka yi ba a shawo kan wannan ba.

Mafitar ta fito daga Boston. A 1983 Rox Anderson da John Parrish suka wallafa maƙala a mujallar Science, suka nuna cewa ana iya ƙona abu ɗaya a cikin fata a bar maƙwabtansa lafiya, muddin aka zaɓi hasken da abin ya fi sha, aka kuma taƙaita harbin ta yadda zai ƙare kafin zafi ya yaɗu gefe. Kusan duk na'urar da ake aiki da ita yau a kan wannan ƙa'ida aka gina ta.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'ura ta farko a 1995. Wannan na'urar sai an shafa wani baƙin sinadari ya shiga ramukan gashi kafin a harba, kuma gashin ya riƙa dawowa. A 1996 Melanie Grossman da abokan aikinta suka nuna cewa lezar yaƙutu na iya lalata saiwar kai tsaye, a wajajen 1997 kuwa irin waɗannan na'urori suka shiga kasuwa. Hukumar ta yarda masu na'urorin su ce suna rage gashi ragi mai ɗorewa, ba ta yarda su ce suna kawar da shi kwata-kwata ba. Tallace-tallace ba kasafai suke kula da wannan bambanci ba.

Na'urori da launin fata

Ana bambanta na'urorin da tsawon zangon haskensu: yaƙutu nanomita 694 (nanomita ɗan ƙanƙanin ma'aunin tsawo ne), aleksandarayit 755, diyod wajen 800 zuwa 810, sai Nd:YAG 1064. Akwai kuma IPL, wanda fitila ce mai walƙiya ba leza ba, ko da yake sau da yawa ana tallata su da suna ɗaya.

Ga mai baƙar fata wannan lissafi shi ne komai, domin melanin ɗin da ke gashi shi ne dai a fata. Haske mai gajeren zango yakan tsaya a saman fatar ya ƙona ta kafin ya kai ga saiwa. Na Nd:YAG yana wucewa zuwa ƙasa ba tare da fatar ta sha shi da yawa ba, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar sa ga masu duhun fata, duk da cewa ya fi ciwo kuma yakan buƙaci ƙarin zama. Ana auna fata da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fara tsarawa a 1975, mai hawa shida, daga fara tas zuwa baƙa wuluk.

Shiri

Dokokin shiri biyu ne a asali: a bar saiwar gashi a wurinta, kada kuma a ƙara wa fata duhu. Saboda na farko ake daina tsige gashi da hantsaki ko zare ko kaki aƙalla mako huɗu kafin zama, wasu asibitocin ma shida suke cewa. Gashin da aka tuge bai bar wa hasken abin kamawa ba. Aski da reza kuwa ana buƙatarsa, galibi kwana ɗaya kafin ranar, don idan gashi ya yi tsawo a waje nan zai babbake ya ƙona fatar. Saboda na biyu ake guje wa zama a rana na wasu makonni, a riƙa shafa man kariya daga rana mai ƙarfin SPF 30 ko fiye (SPF lamba ce da ke nuna ƙarfin kariyar).

A ganawar farko ana tambayar magungunan da mutum ke sha, musamman masu tsinka jini da masu sa fata jin rana irin su doxycycline. Ana kuma tambayar ko tabonsa kan yi tudu, ko ƙurajen zazzaɓi kan fito masa a leɓe, da duk wani mai da yake shafawa don sauya launin fata. Ba a harbi a kan zanen tatu. Mai ciki akan ce ta jira sai ta haihu. Ma'aikaci mai lura yakan gwada ɗan ƙaramin wuri tukuna, ya jira ya ga yadda fatar za ta yi.

An daɗe ana cewa mai shan isotretinoin, maganin ƙurajen fuska, ya jira wata shida bayan ya daina sha kafin a yi masa aikin. Wasu ƙwararru a 2017 sun ce babu isasshiyar hujja kan hakan. Asibitoci da yawa ba su sauya ba.

Ranar aiki

Kowa a ɗakin yakan sa tabarau na musamman. Ana goge wurin, a sanyaya shi da mai mai sanyi ko feshi ko bakin na'urar kanta, sannan a bi shi taku-taku. Kowane harbi kamar an ja roba an sake ta a kan fata yake, kuma ƙaurin ƙonannen gashi kan tashi. Saman leɓe mintuna kaɗan ne, gadon baya na iya wuce awa guda. Man kashe zafi sai da umarnin likita: a 2007 FDA ta yi gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu da suka lafta shi a ƙafafu suka naɗe da leda kafin zama.

Bayan aiki

Wurin kan yi ja, kowane ramin gashi ya ɗan taso kamar cizon sauro, ya kwanta cikin awanni ko kwana ɗaya biyu. Cikin mako ɗaya zuwa uku guntayen gashi kan turo kai su zube, abin da mutane da yawa ke ɗauka sabon tsiro ne. Hasken ya fi kama gashin da ke cikin lokacin girma, sauran kuwa suna hutu, don haka ake komawa bayan mako huɗu zuwa takwas, sau shida ko fiye ga mutane da dama. Gashin da ya dawo daga baya yakan zo siriri, shara-shara.

Illoli

Ƙuna, bororo, da tabo mai duhu ko mai haske, mafi yawa a baƙar fata ko hannun da bai ƙware ba. A wasu 'yan tsiraru gashi ƙaruwa yake yi, galibi a fuska da wuya. Ba a yin aikin a fatar ido ko kusa da gira.

Na'urorin gida

Yawancinsu IPL ne marasa ƙarfi, kuma da yawa an rubuta a jikin kwalinsu cewa ba na masu baƙar fata ba ne.